Kwamfutar Yaya da Ba a Kashewa

A gidan yayana da ke Runjin Sambo, an yi wani lokaci da babu mai gata kamar wata tsohuwar kwamfuta baƙa. In batirin sola ya yi ƙasa, firij ake fara kashewa, sannan fanka, sannan fitilar tsakar gida, ita kuwa ba a taɓa ta. Kan bulo biyu aka ɗora ta a kusurwar falo don iska ta riƙa shiga ta ƙasa. A watannin zafi na sha tarar da matar Yaya zaune gabanta da mafici tana yi mata fifita, alhali ita kanta gumi na bin wuyanta. Nakan ce mata ko ni da nake ƙanwar miji ban taɓa samun irin wannan hidima ba.

"Ran da kit tashi aika ma manoma saƙo tun da asuba, ke ma sai in yi miki," in ji ta.

Aikin kwamfutar ke nan. Mahaifiyarmu 'yar wani ƙauye ce a bakin gulbi, inda danginta ke noman shinkafa da rani. Injin ban-ruwa ɗaya suka haɗu suka saya, kuma tun ranar da ya iso ake rigima a kan wanda zai fara da wanda zai biyo baya. Yaya ne ya rubuta musu manhaja mai raba layi. Kowace safiya, kafin mutane su fito daga masallaci, saƙo zai shiga wayar kowane manomi ya gaya masa lokacinsa: wane da hantsi, wane bayan azahar, wane sai gobe. Rigima ta kwanta. Kawunmu, wanda shi ne babba a cikin manoman, ya taɓa faɗa mini dalili. Ya ce, "Abin da yas sa munka yarda da ita, ba ta da suruki, ba ta cin goron kowa."

Sai dai ba rana ɗaya Yaya ya gina ta ba. Shekaru ya yi yana ƙari, kamar mai gidan da ke ƙara ɗaki duk sanda aka yi haihuwa. Shafin da ake shigar da sunayen manoma da harshen PHP ya rubuta shi, don a lokacin shi ya fi sani. Lissafin rabon layi kuwa da Python ya yi, wani tsohon zubi da duniya ta daɗe da bari. Sashen da ke magana da 'yar na'urar da aka sa wa layin waya, wadda ke fitar da saƙonni, shi kuma da Java. Harsuna uku ke nan a ciki ɗaya, kowanne da tarkacen da yake dogara da su, kuma ba duka ke jituwa ba. Ya taɓa sabunta ɗaya, sai ɗayan ya yi yaji, ya kwana biyu yana lallashi kafin abu ya dawo. Daga nan ya yi rantsuwa ba zai ƙara sabunta komai ba. Batirin kwamfutar ma ya daɗe da mutuwa, da an zare wayar wuta sai ta ɗauke. In kuwa ta ɗauke, tayar da sassan nan uku sai an bi wani tsari da hannu, wannan kafin wancan, kuma tsarin a kan Yaya kaɗai yake.

Duk wannan bai dami kowa ba sai da ciwo ya same shi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya yi jinya, Allah ya sa da sauran kwana, ya dawo gida yana jan ƙafa, maganarsa ta yi nauyi, hannun dama kuma ya zama sai dai a ɗora shi a cinya. Na hagun yana aiki amma yana rawa. Hankalinsa kuwa lafiya lau, mu da muka san shi muna gani a idonsa.

Manhajar ta ci gaba da aikinta ita kaɗai, tunda ba a kashe ta ba. Shi ne bai ci gaba ba. Mutumin da a da sai an yi da gaske ake raba shi da kibod, yanzu ya ƙi ko matsawa kusa. Mai gashin ƙashin da ke zuwa gida ta ce hannun hagun nan aiki yake so, a ba shi abin yi. Aka kawo masa ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya jefa ta ƙarƙashin kujera. Wata rana matarsa ta ja ni madafa ta rage murya.

"Ba ciwon ka ba ni tsoro ba, zaman ga nai ka ba ni tsoro," ta ce. "Sai shi zauna shina kallonta tun sahe har la'asar. Ba shi taɓa ta, ba shi cewa komi. Abinci ma ya rage."

Na koma falo na tambaye shi kai tsaye, don ni ban iya kewaye-kewaye ba. Ya daɗe kafin ya haɗa amsar.

"Hannun ga ba shi jin magana," ya ce, yana ɗaga na hagun. "In ya danna abin da ba shi ba, mutane sun rasa ruwa. Ba ni da wata."

Ban yi masa musu ba, don gaskiya ya faɗa. Kwamfuta ɗaya ce, babu ta biyu, kuma kuskure ɗaya na iya rushe ginin shekaru. Amma raina ya ɓaci ƙwarai. Yayana ne, shi ya fara ɗora yatsuna a kan kibod, kuma ina kallo yana shiga cikin kansa yana rufe ƙofa. Na tabbata in bai koma aikinsa ba, za mu rasa shi yana zaune a gabanmu.

Ni ma sana'ar nake yi. Daga ɗakina a Tudun Wada nake yi wa wani ƙaramin kamfani aiki ta intanet, yau a ba ni aiki da wannan harshe, gobe da wancan. Da a ce duk a jikin kwamfutata nake girka su, da tuni na haukace. Kwantena nake amfani da su. Kwantena a wannan sana'a wani keɓaɓɓen wuri ne da ake yi wa manhaja a cikin kwamfuta, a zuba mata harshenta da daidai zubin da take so da duk tarkacenta, ba ta ganin na maƙwabciyarta, maƙwabciyar ma ba ta ganin nata. Murhu ɗaya ne, amma kowace miya da tukunyarta. Abin da ya fi burge ni shi ne ba da hannu ake haɗa shi ba. A wani ɗan fayil ake rubuta yadda ake so ya kasance, sai a ba da umarni ɗaya kwamfuta ta gina shi. In ya lalace a yar, a sake ba da umarnin, wani sabo ya tashi daidai da na farko, a wannan kwamfuta ko a wata.

Tun kafin ciwon na so in kawo masa wannan shawara, amma ƙanwa ba ta gyara wa wa aikinsa ba tare da an tambaye ta ba. Yanzu kuma abin ya ƙara wuya. In na ce ya ba ni manhajar in gyara, abin da zai ji shi ne an yanke masa hukunci, an ce ya gama. In na ɗauka a ɓoye, ya fi muni, don a gidanmu ko alƙalamin babba ba a ɗauka sai da izini. Na yi ta juya abin a raina har mijina ya fara tambaya ko shi ya yi mini laifi.

Mafitar daga gidanmu na Ƙofar Atiku ta zo. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, malami ne, kuma yana da ƙa'ida ɗaya da muka tashi muka tarar: duk wanda ya shigo zaure da littafi a hannu ya ce karatu ya zo ɗauka, ba a mayar da shi. Ko Malam na zazzaɓi sai ya tashi zaune. Ɗalibi ya karanta, malami ya saurara, in an yi kuskure ya tsayar. Yaya ya fi kowa riƙe wannan ƙa'ida, har ya mayar da ita kan masu zuwa koyon kwamfuta.

Sai na shirya wata la'asar, na hau keke zuwa Runjin Sambo, na shimfiɗa tabarma a ƙasa gaban kujerarsa, na zauna na tanƙwashe ƙafa.

"Yaya, karatu niz zo ɗauka."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Wane karatu?"

"Na manhajag ga taka. Tun daga farko."

Ya gane sarai abin da nake yi, ba yaro ba ne. Na ga gefen bakinsa mai lafiya ya ɗan motsa. Amma ƙa'ida ƙa'ida ce, ba shi ya kafa ta ba balle ya karya. Ya nuna aljihun tebur da haɓa, ya ce in ɗauko filas, 'yar ma'ajiyar da ake sokawa a kwamfuta, in kwafi rubutun manhajar, kuma kada in kuskura in taɓa wani abu bayan wannan. Na soka filas ɗin a jikin tsohuwar kwamfutar, ni da shi da matarsa muka yi tsit kamar ana cire ƙaya a ido. Ba abin da ya faru, fankarta ta ci gaba da gurnaninta.

Haka muka fara. Nakan gama aikin kamfani, in yi la'asar, in taho. In buɗe rubutun a kwamfutata in riƙa karantawa da ƙarfi, layi bayan layi, shi kuma yana jingine ido a rufe. In na wuce wani abu da muhimmanci sai ya buga hannun kujera da yatsa. In tsaya. Wani lokaci kalma biyu zai faɗa, wani lokaci sai na yi ta kawo zato yana girgiza kai har in dace. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A nan na ji abubuwan da babu su a rubuce ko'ina: cewa sashen Java sai an tayar da shi kafin na lissafi, in ba haka ba saƙonni su taru su ƙi fita, cewa akwai wani ɗan tarkace da ya gyara da hannunsa tun tuni don ya karɓi haruffanmu masu lanƙwasa, cewa ranar Juma'a ba a ba kowa layi tsakanin hantsi da saukowa daga masallaci. Duk abin da ya faɗa game da yadda aka girka wani abu, in koma gida in zuba shi a fayil ɗin kwantena.

Ba kullum abin ke daɗi ba. Rubutun Yaya na shekarun farko, in faɗi gaskiya, kamar kayan da aka ɗaure cikin gaggawa yake, kuma ni bakina ba ya shiru. Na taɓa karanto wani wuri da ya maimaita abu ɗaya har sau ba adadi, na ce, "Yaya, nan kam yunwa kaka ji da kar rubuta shi." Ya buɗe ido ya ce ɗalibi ba ya sharhi sai ya sauke littafi. Matarsa daga madafa ta ce a dai riƙa tausaya wa malam. Ranar ya cinye tuwonsa, ta gaya mini washegari.

Kwantena uku na gina, kowane harshe da nasa. Tsofaffin zubin da ya yi amfani da su duk suna nan ajiye a intanet, sai dai nauyi, sai da na je gidan wata ƙawata mai intanet mai ƙarfi na sauke su. Sunayen manoma da tarihin layinsu kuwa ban sa su cikin kwantena ba, a waje na ajiye su inda kwantenan za su riƙa miƙa hannu su ɗauka, don ko an yar da tukunya hatsi na rumbu. Na PHP bai ba ni wahala ba. Na Python ya ɗan yi gardama. Na Java shi ya sha mini rai, don sai da na nemi yadda zan buɗe masa ƙofa ya ga 'yar na'urar saƙo daga cikin keɓewarsa. Na ɗora duka a kan wata kwamfutata da na daina amfani da ita, mai lafiyayyen batir, na kai gidan Yaya.

Don gwaji, na sa wani layin waya na daban, na kuma karkatar da duk saƙonni zuwa wayar matar Yaya. Na ba da umarni, muka jira. Can sai ga ta ta fito da waya a hannu, ɗayan hannun da ludayi.

"Wai ni ad da injin ban-ruwa bayan azahar," ta ce. "Kuma ni ad da shi da hantsi, kuma ni ad da shi gobe. To wa ka yi muku tuwo?"

Muka gwada rabon da sabuwar ta yi da wanda tsohuwar ta fitar a safiyar, suka zo daidai, suna bayan suna. Muka maimaita a wasu ranakun, ba bambanci. Yaya ya sa na karanta masa fayil ɗin kwantenan shi ma, ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Shi ke nan duka?" Na ce shi ke nan. Ina jin abin ya yi masa ciwo kaɗan, ganin wahalar shekaru ta koma 'yan layuka, amma bai faɗa ba.

Shi ya ba da izinin a sauya. Dole layin wayar da manoma suka sani ya koma sabuwar, don ba za su yarda da saƙo daga baƙuwar lamba ba. Kwantenan gwajin kuma na ajiye su gefe a kashe, da nasu layin. Da na zare 'yar na'urar daga tsohuwar kwamfutar, sashen Java na cikinta ya tsaya cak, kamar yadda Yaya ya ce zai yi. Komawa baya kuma sai da hannunsa. Duk da haka matarsa ba ta yarda an kashe tsohuwar ba, aka bar ta kan bulonta tana hura iska ba ta aikin komai. Sai bayan damina ta sauka aka zare ta, ba na ma gidan.

Washegarin ranar da muka sauya, da la'asar na iso na tarar da babur a ƙofar gida. Kawu ne, da taɓon fadama har gwiwa, yana zaune a falo ya ƙi shan ruwan da aka kawo masa. Kawu ba mai faɗa ba ne, in ransa ya ɓaci muryarsa ƙasa take yi. Muka gaisa, ya tambayi mijina, sannan ya juya ga Yaya.

"Yau saƙo bai zaka ba sai da rana tat taso," ya ce. "Mu ko mun riga mun gangara hwadama, can ko babu sabis. Mutum biyu sunka haɗu bakin inji, kowa na cewa nai na. Da ƙyat anka raba su. Shinkahwa na tsakiyar shan ruwa, ɗana. In abin ga ya lalace, a hwaɗa muna mu san abin yi."

Kunya ta rufe ni. Na buɗe kwamfutar ina dube-dube, rabon daidai yake, saƙonni duk sun fita, babu wanda ya maƙale. Na fara zargin kamfanin waya. Sai na ji yatsa na buga hannun kujera.

"Tambaye ta," in ji Yaya. "Ƙarhe nawa."

"Ga agogo nan a ƙasa, Yaya, daidai shike."

"Ba shi ba. Na ciki."

Na shiga cikin kwantenan da ke aika saƙo na tambaye shi lokaci. Ya ba ni amsa da awa guda baya da namu. Kwantena in ba a gaya masa inda yake ba, agogon duniya na bai-ɗaya yake bi, bai san Sakkwato ba. Lokacin gwaji kuwa kullum da hannu nake cewa ya aika, ban taɓa barin sa ya jira asuba da kansa ba. Ita tsohuwar tun ranar da aka saye ta take kan agogonmu, shi ya sa babu wanda ya taɓa tunanin abin, har ni da nake cikin kwantena kullum.

Na yi wa Kawu bayani, na ba shi haƙuri, na ce gobe saƙo zai riga shi fita masallaci. Ya dubi Yaya, Yaya ya gyaɗa kai, sannan ya ɗauki ruwan ya sha. Ni ban isa shaida ba ke nan. Ya yi sallama ya tafi don kada magariba ta same shi a hanya.

Gyaran layi ɗaya ne a cikin fayil, a rubuta sunan yankin da agogonmu ke bi. Har na ɗora yatsu, sai na fasa. Na ɗauki kwamfutar na ɗora a kan ɗan teburin da ke gaban kujerarsa, na juya masa kibod.

"Kai kag gano shi, kai ka gyarawa."

Ya mayar da hannunsa cikin riga. "A'a."

"Layi guda na, Yaya."

"Na ce a'a. Kin ji abin da Kawu yac ce. Awa guda kaɗai, mutane sun kusa dambe. In hannun ga ya ɓata ta duka hwa?"

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na riga na yi masa bayani ba sau ɗaya ba cewa wannan ba irin waccan ba ce, ya kuma fahimta, don kansa ya fi nawa. Amma fahimta daban, yarda daban. Na ga in na gyara layin nan da kaina, gobe ma ni zan gyara na gaba, shi kuma ya koma kallo, sai dai a ce an sauya masa abin kallo. Duk zaman tabarmar nan ya tashi a banza ke nan.

Abin da na yi bayan nan ban nemi izini ba, kuma na san rashin ladabi ne. Na jawo kwamfutar, na rubuta umarnin da ke rushe kwantenan duka uku, na juya masa fuskarta don ya karanta. Ya karanta. Kafin ya buɗe baki na danna.

Hannun hagun nan da ake cewa ba ya jin magana ya cafke wuyan hannuna, da ƙarfin da ban san yana da shi ba. Shafin manoma ya ɓace. Na nuna masa jerin abubuwan da ke aiki, babu komai. Fuskarsa ta yi wani iri, har na ji tsoron kada in jawo masa wani ciwon. Matarsa tana tsaye bakin ƙofa, ta ga komai.

"Kowa ya ƙona rumbu nai ya san inda toka ka kuɗi," ta ce a hankali. "Allah shi sa ke ma kin sani."

Da hannu ɗaya na rubuta umarnin tayarwa, don bai sake ni ba. Rubutu ya fara gudu a fuskar kwamfutar. Na Java ya tashi, na lissafi ya biyo, sannan shafin. Ko ruwan shayi bai isa tafasa ba a wannan tsakanin. Na buɗe shafin, ga sunayen manoma, ga layin gobe, ga na Kawu a inda yake. Sai a sannan ya sassauta riƙon.

"Sake," ya ce.

Na sake rushewa, na sake tayarwa. Ya matso da fuskarsa yana bin rubutun da ido.

"Ko mi nib ɓata?"

"Ko mi kab ɓata. Fayil ɗin na wurina, shina cikin filas, shina cikin wagga. Sunayen mutane suna waje, su ma na kwahe su. Kuma ga na gwaji nan gefe, saƙo nai wayar matarka shika zuwa, ba hwadama ba. In ya yi daidai can, sannan mu kai shi ga na manoma."

Ya daɗe yana kallon kibod ɗin. Sannan ya fito da hannun daga cikin riga. Yatsa ɗaya ya miƙa, yana rawa, ya sauka a kan harafin da ba shi ba, ya haɗa da na kusa da shi. Ya goge, ya goge har da abin da bai kamata ba. Na cije leɓe na riƙe hannuwana a cinya. Da ya gama layin ya ba da umarni, kwantenan gwajin ya ƙi tashi, ya watso masa jan rubutu. Na ga kafaɗarsa ta ɗaga, ya juyo ya dube ni. Ya mayar da ido, ya karanta ƙorafin, ya yi tsaki irin na mai aiki, ya koma fayil ɗin.

A karo na gaba kwantenan ya tashi. Ya shiga ciki da kansa ya tambaye shi lokaci, ya ba shi namu. Na ce to mu kai shi ga na manoma, muka kai, ya zauna daidai. Na zaci a nan zai tsaya. Sai na ga ya buɗe sashen lissafi a na gwajin, ya gangara har wurin nan da na ce yunwa yake ji da ya rubuta, ya fara gogewa. Wayar matarsa ta yi ƙara a madafa, ta sake yi, muka ji tana cewa yanzu kuma an ba ta inji ranar da babu ita a mako.

Na matso ina leƙe ta kafaɗarsa, na ga ya buɗe alamar baka a rubutun bai rufe ba, na miƙa yatsa zan nuna masa. Ya ture hannuna da gwiwar hannunsa, bai ko ɗago ba.

"Tashi ki ba ni wuri," ya ce. "Aiki nika yi."

Na naɗe tabarmata na fita tsakar gida. Matarsa na tsaye jikin randa da waya a hannu, tana share ido da bakin mayafi, ni ma ban tsaya ɓoye nawa ba. Daga falo muna jin ƙarar kibod, ɗaya bayan ɗaya, a hankali.